Dorugu, Bahaushen da Ya Leƙo Mana Ingila

Kai jama'a, wannan labari ya kai labari! Duk mai sha'awar ratsa ƙasa da keta daji, ya nemi tarihin Dorugu da ke cikin littafin Magana Hausa, wanda J. F. Schön ya wallafa a 1885. Wallahi ban ga na biyunsa ba.

An daɗe ana cika mana kunne da cewa Turawa ne suka gano ƙasashenmu. To, ga yaro ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, ya je ya gano tasu, ya kuma ba da labarinta da Hausarsa garau. Abin da ya sace mini zuciya ke nan.

Dubi tafiyar kanta. Wani Bajamushe, Overweg, shi ya 'yanta shi a Barno. Da ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Suka bi ta Damagaram da Katsina, a 1853 suka shigo ƙasarmu ta Zamfara ta Zurmi. Mu mutanen Magami, ai nan kusa da mu suka gifta! Suka keta dajin Gundumi, suka isa Wurno da Sakkwato da Gwandu, har Tambutu. Daga baya suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, a 1855 sai ga Dorugu a Landan, bai ko cika shekara ashirin ba.

A nan ne labarin ya fi zuma daɗi. Yaron nan ya zuba wa Turawa ido, ya lura da suturarsu da zaman cin abincinsu: yadda ake jera wuƙa da cokali, wa ke zama ina, me ake fara kawowa. Ba ya rawar jiki, ba ya raina kansa. Abin da ya gani yake faɗa, cikin gajerun jimloli masu daɗin ji, sai ka ce yana gabanka. Allah ya yi masa ido da baki!

Bai kuma ɓace a can ba. Ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin nasa da Turanci, duniya ta ƙara saninsa.

Malamanmu na Hausa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, don Allah ku nemo wannan labari ku karanta wa ɗalibai. Ya kamata kowane yaro a Zamfara ya san sunan Dorugu.