Jinjina ga masu janyo ruwa a tsaunukan Lahu

Mutanen Lahu, waɗanda ke zaune a lardin Yunan na ƙasar Sin da jihar Shan ta Myanmar da arewacin Tailan, kan kafa ƙauyukansu ne a kan tsaunuka, nesa da kogunan kwari. Da zarar damina ta ɗauke, ruwa ya zama abin nema, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da maɓuɓɓuga ke ja da baya.

Masu jan ruwa da gora su ne suka cancanci yabo. Mutum zai sari gora, ya tsaga ta gida biyu, ya fasa gaɓoɓin ciki da adda, sannan ya ɗora ta kan gwafa, bakin wannan a cikin na waccan, kamar dogon indararo, tun daga idon ruwa har tsakiyar ƙauye. Da ido kawai yake auna gangara. In ta yi yawa ruwan ya fantsama, in ta gaza ya tsaya cak. Ganye ya toshe, alade ya ture gwafa, gora ta ruɓe, duk sai wani ya hau dutse ya gyara, ba tare da albashi ba. Yau bututun roba ya maye gurbin gora a ƙauyuka da dama, amma hawan nan bai ƙare ba.

Ranar da ruwan ya yanke kuwa, mata da yara ke gangarawa rafi da asuba, su dawo da ruwa a goye. Da shi za a dafa shinkafar tudu, a dama wa aladu dusa, kafin a wuce gonar masara.