Tarihin Sarakuna da Tarihin Manoma: Sharhi a kan Littafin Nazarin Tarihin Kano na 1983

Littafin da za mu duba a wannan takarda shi ne wanda Bawuro Barkindo ya tattara, aka buga a 1983 da sunan Studies in the History of Kano. Tarin maƙaloli ne na malamai dabam dabam, kowa da fanninsa. Ko da ya ke ya kwana biyu, har yanzu malamin da zai koyar da tarihin Kano ba ya rasa komawa gare shi. Nufina in auna shi ta fuska biyu, watau abin da ya ke koya mana game da yadda a ke sanin abin da ya wuce, da kuma abin da ya tanadar wa yaron da ya fito daga ƙauye kamar na ƙasar Minjibir.

Ƙashin bayan littafin shi ne muhawara a kan Tarihin Kano, wato kundin Larabcin nan da ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, ya sāke buga shi cikin Sudanese Memoirs a 1928, kāna fassarar Hausa ta fito cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. M. G. Smith, cikin maƙalarsa, ya tsaya a kan cewa kundin abin dogara ne gwargwado, in an gwada shi da sauran shaidu. Murray Last kuwa tun 1980 ya riga ya nuna cewa labaran farko na kundin sun fi kama da misali, wanda marubuci ya shirya don ya bayyana yadda al'ummar zamaninsa ta ke, kuma ya ɗauka an fara haɗa shi wajen 1650. Da wannan ido ya rubuta maƙalarsa a kan Kano daga 1450 zuwa 1800. Mai tattarawa ya kyauta da ya bar su biyun a ɗaki ɗaya bai sasanta su ba, gama ɗalibi ya fi ƙaruwa da ganin manya suna jayayya da hujja, bisa ga a miƙa masa magana guda ya haddace.

Amma muhawarar ba ta tsaya a nan ba, kuma wajibi ne malami ya sani. A 1994 John Hunwick ya kawo hujjoji cewa an rubuta kundin ne a zamanin Muhammadu Bello, ya kuma jingina shi ga Ɗan Rimi Malam Barka, babban bawan sarki. In haka ne, to, mai ba mu labarin Bagauda bafade ne na ƙarshen ƙarni na 19, yana duban baya daga cikin fada, da bukatun fada. Wanda ya karanta littafin 1983 kaɗai zai tsaya a tsakiyar hanya.

Ga misalin abin da wannan ke jawowa a aji. Yaranmu suna haddace cewa Bagauda ya hau sarauta a 999, Yaji a 1349, Rumfa a 1463. Alhali kundin bai ba da waɗannan shekaru ba, iyakarsa ya faɗi tsawon mulkin kowane sarki. Palmer ne ya yi lissafi da baya da baya har ya kai 999. In aka yi kuskuren shekara goma a sarki ɗaya, duk na gabansa sun goce. Haka kuma kundin ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, amma Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya sa shi a zamanin Rumfa. Tsakanin maganganun biyu akwai shekara fiye da ɗari. Malamin da ya rubuta 999 a allo bai faɗi inda ta fito ba, ya koyar da hadda, ya bar tarihi.

A nan ne na ke da ƙorafi na fari, ƙorafin mai nazarin harshe. Kundin da Larabci ya ke, amma cike ya ke da kirari da sunayen sarautu da na wurare na Hausa, an rubuta su da baƙaƙen Larabci, waɗanda sau da yawa ba sa rarrabe ka da ƙa, ko ba da ɓa, balle karin sauti. Palmer ya mai da su boko gwargwadon jinsa, na baya kuma suka gina a kan nasa. Kalma ɗaya in an karanta ta a karkace tana iya haifar da gari ko ƙabilar da ba a taɓa yi ba. Ya kamata a ce tari irin wannan ya ba masanin Hausa wuri na musamman, ya bi kirarin nan ɗaya ɗaya daga rubutun hannu. Mu da kanmu muna da laifi, gama mun bar wa masu tarihi aikin da ya ke namu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Kogin Jakara, wanda kundin ya ambaci kurminsa a labarin Barbushe, shi ne ke gangarawa arewa maso gabas har ya taru a madatsar Wasai cikin ƙasar Minjibir. Ruwan ya isa can, amma alƙalamin marubucin ya tsaya a ganuwa. Ƙauye ba ya shiga kundin sai ranar da aka ci shi da yaƙi ko ya yi tawaye. Ga shi kuwa ƙasar da ta kewaye birni, wadda Mortimore da Wilson suka yi nazarinta a 1965, tana cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Afirka, gona na jikin gona, a na nomanta kowace shekara ba hutu, da taimakon takin dabbobi da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Tufar da Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851, ya ce tana kaiwa Tambutu da Tarabulus, galibinta a ƙauyuka aka kaɗa zarenta, aka saƙa, aka rina, kuma Minjibir na cikin garuruwan da suka yi suna da saƙa. Wannan arziki shi ya ɗauki nauyin dawakin da kundin ke yaba wa.

Gaskiya ita ce littafin bai mance da wannan ɗungum ba. Maƙalar Philip Shea a kan yadda za a tunkari nazarin sana'a a karkarar Kano ita ce, a ganina, mafi amfani ga malamin kwalejin horon malamai, domin ta juya fuskar mai bincike daga fada zuwa marina da masaƙa da bakin tsofaffi. Sai dai birni da sarauta sun rinjaye ta a cikin tarin, har ƙofofin birni sun sami maƙala tasu daga hannun Barkindo. Maƙala ce mai kyau, amma ƙofa saboda masu shiga aka yi ta, masu shigan kuwa ƙauyawa ne da kayansu.

Abin da na ke shawarta ga 'yan'uwa malamai shi ne a riƙi littafin a kan matsayin makarantar koyon tambaya. A ba ɗalibai ra'ayin Smith da na Last da na Hunwick a taƙaice da Hausa, su yi hukunci da kansu. Sa'an nan lokacin hutu a tura kowa garinsu da aiki ƙayyadadde: ya rubuto sunayen unguwanni da dalilinsu, da inda tsofaffin karofi su ke, da jerin dagatai, da kalmomin sana'a irin su mazari da abawa da ƙoshiya, da abin da aka gāda game da yunwar 1914 da shigowar cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A koya masa ya rubuta wanda ya faɗa masa, da wurin wanda shi kuma ya ji, kamar yadda malaman hadisi ke yi da isnadi. Littafin Baba ta Karo na Mary Smith, na 1954, ya isa shaida cewa tsohuwa guda tana iya riƙe abin da kundin sarakuna bai sani ba.

Aikin kuwa na gaggawa ne. Kundin Larabci yana ajiye, zai jira mai bincike ko bayan shekara hamsin, amma masaƙan da suka gaji sana'ar daga kakanni suna ƙarewa, yadin kanti ya ci kasuwarsu. Littafin 1983 ya cancanci yabo a kan abin da ya yi. In za a sāke irinsa, muna roƙo a ba karkara rabonta, a kuma fitar da shi da Hausa, don jikokin masaƙan Minjibir su iya karantawa, su gyara mana inda muka kuskure.