Aminu Ala: Idan Aka Cire Kiɗan

Na zauna da waƙoƙin Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, na rubuta baitocin wasu daga ciki a kwamfutata, na karanta su shiru, babu fiyano babu amshi. Yawancin waƙoƙin fim da matasanmu na Kunci ke turawa a waya ba sa jure wannan gwaji: da an janye kiɗa sai baiti ya zube. Na Ala kuwa suna tsayawa.

Dalili a fili yake. An haife shi a Kano a 1973, kuma marubucin labaran hikaya ne tun kafin a san muryarsa. Amsa-amonsa da jerin ɗangonsa sun fi kusa da rubutacciyar waƙa irin ta Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja fiye da waƙar baka ta Shata. A "Jami'a" kowane baiti yana ɗauke da hujja. "Hasbunallahu" kuwa addu'a ce, amma kaifinta ya sa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta kai shi kotu a 2009.

Inda nake da ja shi ne waƙoƙinsa na fada. Hausar tana nan, azanci bai ragu ba, sai dai kirari ba ya yi wa sarki tambaya. Manomin da ke sauraro a bakin gona yana da basaraken da za a yaba masa. Wanda zai faɗi damuwarsa cikin ƙafiya shi ne ya yi ƙaranci, kuma Ala ya riga ya nuna ya iya.