Jarumar da ba ta mari kowa ba

A 'yan shekarun nan, duk marubucin da yake son a ce ya ɗaukaka mace a labarinsa, sai ya haɗa ta da mota da kamfani da kaifin harshe. Littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad cike suke da irinta: ta dawo daga karatu a Turai, ta shararar wa namiji mari a bainar jama'a, masu karatu su yi ta jinjina wai ga jaruma. Ni kam ban gamsu ba. Wadda ubanta ke da kuɗi, direba na jiranta a ƙofa, me za ta rasa don ta yi mari?

Ga irin jarumar da nake nufi. A 1880 Guy de Maupassant ya fitar da gajeren labarinsa "Boule de Suif", kan yaƙin Faransa da Furusiya na 1870. Mutum goma suka shiga keken doki suna gudu daga birnin Ruwan da abokan gaba suka mamaye: attajirai da matansu, wani basarake da uwargidansa, mata biyu 'yan zuhudu na coci, wani ɗan siyasa, sai karuwa guda mai suna Elizabet Ruse. Tun da suka gane ta matan kirki suke yi mata kallon hadarin kaji. Da dusar ƙanƙara ta tsawaita tafiya, yunwa ta ci kowa, sai ga shi ita kaɗai ta yi guzuri. Ta jawo kwando daga ƙarƙashin kujera, kaji biyu da 'ya'yan itace da sauran kayan daɗi, ta ciyar da masu hararar tata har suka sauke mata murya.

A masaukin garin Tot wani hafsan Furusiya ya hana keken wucewa sai ta kwana da shi. Ta ce atafau. Macen da kowa ya ɗauka ba ta san "a'a" ba, ita ce ta ƙi rusuna wa sojan mamaya. Kwanaki suna tafiya, masu mutuncin nan suka haɗa kai suna lallashi, suna kawo misalan tarihi, har tsohuwar 'yar zuhudu ta sa baki da hujjar addini. Ta haƙura don su samu hanya. Washegari suka buɗe nasu guzurin suna ci, ba wanda ya ce mata bismilla, ita kuwa a gaggawa ba ta ɗauko komai ba. Maupassant bai share mata hawaye ba, bai aiko da wani mai kuɗi ya aure ta ba. Duk da haka mai karatu ba ya buƙatar a faɗa masa wace ce mai zuciya a keken.

Susan Glaspell, wadda ta taɓa aikin jarida a jihar Ayowa ta Amurka, ta zo da wani salon a 1917 cikin "A Jury of Her Peers". An shaƙe wani manomi da igiya, ana tuhumar matarsa. Maza masu bincike suna hawa sama suna sauka, suna yi wa mata biyu da suka rako su dariya don sun tsaya duba tarkacen kicin. A tarkacen nan hujjar take: ɗinkin bargo da ya karkace kwatsam, keji mai ɓallalliyar ƙofa, da ɗan tsuntsu da aka murɗe wa wuya, an naɗe shi a alharini cikin akwati. Nan suka gane irin zaman da baiwar Allah ta yi. Ɗayarsu matar shugaban 'yan sandan yankin ce, amma da idonta ta ga ɗayar ta zura akwatin a aljihun riga, ta ja bakinta ta yi shiru. A lokacin mata ba sa zama cikin masu yanke hukunci a kotunan jihar. Ko an yarda da abin da suka yi ko ba a yarda ba, aure da suna da 'yanci suka jefa cikin haɗari, kuma ko ɗaga murya ba su yi ba.

Ba cewa nake tsofaffin labarai sun gama komai ba. Dubi Marjana, kuyangar gidan Ali Baba a Dare Dubu da Ɗaya. Ita ta ga alamar alli a ƙofa ta bi ƙofofin maƙwabta ta zana irinta, ita ta tafasa mai ta zuba wa ɓarayin da ke ɓoye a tuluna, ita ta soke shugabansu tana cikin rawa, maigida kuwa yana ta karɓar baƙo da fara'a. Ladanta? An 'yanta ta, aka aura mata ɗan maigidan, labarin bai ko tsaya jin ta bakinta ba. Wannan gurbin ne marubutanmu na yau ya kamata su cike: a bar mace ta zaɓi abin da take so, zaɓin kuma ya ci mata wani abu da mai karatu zai ji zafinsa. Mu kuwa mun bar wannan aikin, muna ta saya mata Range Rover.