Jirgin Kara da Jirgin Ma'auni

Bayan girbi, da zarar karan dawa ya bushe a gonakin Ringim ta Jigawa, yara kan ɓare bawonsa, su yayyanka totuwar, su harhaɗa mota ko jirgin sama. Waɗanda suka ɗan tasa sai su koma ga gwangwanin madara da waya, su yanko taya daga tsohon silifa. Ido ne ma'auninsu. In abin ya yi kama da jirgi, an gama.

Masu ƙera ƙananan samfuran jiragen yaƙi a Turai ba su yarda da ido ba. Tun da kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da Spitfire na roba a 1953, ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaya bisa 72. Jirgin Hurricane, mai faɗin fukafukai mita 12, yakan dawo kimanin santimita 17, bai cika taƙi guda ba. Haɗa gutsattsarin da gam ba wani abin yabo ba ne. Gwaninta tana wajen sauya fasali: a sayi jirgin da aka tsara don sararin Ingila, a mai da shi wani takamaiman jirgi da ya yi aiki a wani wuri, a wata shekara.

Ga mutumin Jigawa kuwa, jirgin Hurricane ba shi da nisa. Daga watan Satumba 1940, Turawan Ingila sun riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su haɗa su a can, su tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Masar. Dubbai ne suka bi wannan hanya, lokacin Ringim tana gunduma a ƙarƙashin Kano. Mai son fitar da irin wannan Hurricane sai ya ƙara masa matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda ƙura, ya rataya tankunan mai biyu a ƙarƙashin fukafukai saboda nisan zango. Sannan ya shafa farin fenti a saman wutsiya da bayan gangar jiki, domin haka aka riƙa yi wa da yawansu, ko da jirgi ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama.

A ganina, a wajen wannan sauyi maƙerin gida ba ya baya. Wanda ya saba fitar da taya daga silifa ba zai tsaya jiran a aiko masa da tanki daga waje ba. Murfin biro ma ya ishe shi. Abin da ya rasa shi ne hoto ingantacce da haƙurin awo, kuma wayar hannu ta kawo masa na farkon.

Fenti ne ke tona asiri. Mu masu son ƙyalli ne, shi ya sa jirgin gwangwani kan fito da ja da kore na fentin mota, yana sheƙi kamar kwanon amarya. Jirgin hamada ba ya sheƙi. Samansa ruwan ƙasa ne da ruwan yashi, cikinsa shuɗi mai haske, rana ta kodar da shi, hayaƙin inji ya zana baƙi a gefensa. Dole a tsinka fentin, a shafa shi sama-sama sau biyu ko uku, a jira kowanne ya bushe, kuma a lokacin hunturu sai an kife kwali a kai don kada ƙura ta manne.