Sharhi a Kan 'Yartsana: Hukunci ko Jinya?

Littafin 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya fito a 2003. Shi ne ya zo na ɗaya a 2007 a gasar adabin Hausa ta tunawa da marigayi Injiniya Muhammadu Bashir Ƙaraye, wadda mai ɗakinsa ta kafa. Saboda haka mu mutanen ƙasar Ƙaraye da Rogo muna da dalilin duba shi da idon basira.

Tauraruwar labarin ita ce Zainab, wadda auren dole ya kora daga gida. Ta shiga duniya, ta koma Asabe, daga baya cutar ƙanjamau ta kama ta. Mai karatu yakan bi labarin kamar mai binciken laifi, yana tambaya: shin wa ya jefa yarinyar nan cikin wannan hali? Gwanintar marubucin ita ce bai ɗora laifin a kan mutum ɗaya ba. Akwai iyayen da suka ƙi sauraronta, akwai kuma mazan da suka mai da ita abin wasa, kamar yadda sunan littafin ya nuna.

To, amma a ganina akwai gyara a wajen zubi da tsari. Cutar ta shigo labarin ne tamkar alƙali, ta yanke hukunci, aka tashi. Haɗarin wannan shi ne mai karatu ya ɗauka ƙanjamau ciwon karuwai ne kurum, alhali kuwa tana kama matar aure a ɗakinta, da jariri ta wajen uwarsa, da wanda aka yi wa ƙarin jinin da ba a tantance ba. Irin wannan zato shi ke sa mai ciwo ya ɓuya har ya galabaita.

Sai dai dole a yi wa marubucin adalci. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Nijeriya. A 2001 binciken gwamnati ya nuna tana jikin kashi 5.8 cikin ɗari na masu zuwa awon ciki. Sai a 2002 gwamnati ta fara shirin ba da maganin rage kaifinta, a 2006 ta mai da shi kyauta. Wato ya yi rubutu ne lokacin da jama'a ke jin sunan cutar kamar sanarwar jana'iza.

Yau kuwa wanda ya riƙe magani yakan rayu, ya yi aure, ya haifi ɗa lafiyayye. Ashe ke nan inda 'Yartsana ya tsaya, nan wani labarin ya kamata ya soma: na uwar da ta karɓi gaisuwa ba ta iya faɗin abin da ya kashe 'yarta ba, da na marayun da ke neman sanin gaskiya, da yadda suka samu dangana. Wannan aiki yana jiran marubutan ƙungiyarmu. Allah ya ba mu iko, amin.