«Har da Ruwan Sama»: fim ɗin da ya manta da masu shirya gwagwarmaya

A shekarar 1999 gwamnatin Bolibiya ta damƙa ruwan birnin Kocabamba ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda Bechtel na Amurka ke da hannu a cikinsa, har tsawon shekara 40. Kuɗin ruwa ya tashi, jama'a suka tare hanyoyi, wani soja ya harbe Víctor Hugo Daza, ɗan shekara 17, kuma a watan Afirilu na 2000 aka soke yarjejeniyar. A kan wannan tarihi ne Icíar Bollaín ta gina fim ɗinta, También la lluvia, wato «har da ruwan sama», wanda ya fito a 2010.

Dabarar labarin tana da kyau. Masu shirya fim sun zo ɗaukar tarihin Kolombos, sun zaɓi Bolibiya don araha, suna biyan ƴan ƙasa dala biyu a yini. Da rana Daniel yana fitowa a matsayin Hatuey, jagoran da Turawan Sipaniya suka ƙona. Da an tashi aiki sai ya koma jagorantar masu neman ruwa. Jiya zinariya, yau pampo. Wannan kam ba sai an yi wa mai kallo bayani ba.

Amma da rikici ya yi tsanani, sai fim ɗin ya juya wa taron baya, ya bi Costa, Bature mai riƙe da kuɗin aikin, wanda ya ratsa shingaye don ya ceci ɗiyar Daniel. To, ina manoman rani masu rabon ruwa bisa al'ada? Ina kwamitocin unguwanni da gamayyar da Oscar Olivera ya yi wa kakaki? Watannin da suka kwashe ana taro, ana gardama, ana shawo kan masu tsoro, duk sun koma hayaƙi da jifa a bayan motar Costa.

Mu a Nijar mun san nauyin wannan aiki. A 2001 aka ba SEEN rabon ruwan birane. A Maris na 2005 kuma, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari har a kan ruwa, ƙungiyoyin farar hula suka sa aka rufe kasuwanni a Yamai sai da gwamnati ta sassauta. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa wannan fim, ya tanadi sa'a guda don labarin waɗanda kyamara ta wuce.